Daddawa a Bargon Amarya

Duk ɗalibin ƙasar Hausa da ya zauna a Alkahira a 'yan shekarun nan, in ka ambaci Jazuli ɗan Ringim sai ya fara murmushi tun ba ka kai ƙarshen magana ba. Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Ciwonsa ɗaya ne: bai taɓa jin an ambaci wani aiki a duniya ya ce bai iya ba. In agogo ya tsaya, kakansa mai gyaran agogo ne. In wani ya karye, a gidansu aka gaji ɗori. Shekararsa uku a garin, kuma a lissafin abokan zamansa, ya zuwa lokacin da wannan abu ya faru yana da kakanni goma sha ɗaya, kowanne gwani a sana'arsa.

Su uku suke zaune a wani sashe a hawa na huɗu a unguwar Hayyul Ashir: shi, da Tukur mutumin Gusau mai bakin tsiya, da Lurwanu na Damagaram wanda ba ya magana sai ta zama dole. Wannan sashe shi ne duk arzikinsu a Masar. Mai gidan, Hajja Ni'imat, mijinta malami ne, kuma kafin ya rasu ya bar mata wasiyya ta riƙa sauƙaƙa wa ɗalibai, don haka hayar ba ta kai rabin ta maƙwabta ba. Ga kicin da murhun gas mai kai biyu, ga ruwa ba ya yankewa, ga tashar bas a bakin ƙofa. Akwai ɗalibai da dama da ke gaishe su kullum da fara'a, suna tambayarsu cikin kulawa yaushe za su gama karatu su koma gida.

Abinci kuwa ba a rasa na rufin asiri ba. Lalo yana nan, sunansa kawai aka sauya zuwa mulukiyya. Kuɓewa tana nan, zoɓo har ya fi na gida ja, tuwo ana tuƙa na shinkafa. Abin da babu shi ne daddawa, miya kuwa in ba daddawa ganye ne kawai ya yi wanka. Wadda ake samu, wata hajiya 'yar kasuwa ke zuwa da ita daga Kano a ƙasan jaka, kuma kuɗin ƙwaya ɗaya sai ya ciyar da mutum ful, wato dafaffen waken Masar, da burodi kwana uku. Lurwanu ne abin ya fi ci wa rai. Tun da ya zo bara yake ramewa. Sai ka gan shi zaune gaban kwanon ful yana juya shi da gutsuren burodi, kamar mai neman wani abu da ya faɗa ciki.

Wata Alhamis suka kaɗa miyar kuka da sauran garin da aka aiko wa Tukur. Lurwanu ya kai loma ɗaya, ya haɗiye, ya yi ajiyar zuciya, ya ce da da daddawa da yau ya san ya ci abinci. Jazuli ya lashe yatsunsa ya gyara zama.

"Don daddawa kake ramewa, ni ina cikin gidan nan? Ai kakata ce ke yi wa Ringim kaf."

"Ta goma sha biyu ke nan," in ji Tukur.

Jazuli bai kula shi ba. Ya ce kalwa ce babu a Masar, amma waken suya yana nan buhu-buhu a wurin masu kayan yaji, arha kamar ƙasa. Zai yi wadda za ta ishe su har bazara, ya sayar wa 'yan Nijar da 'yan Gana da 'yan Cadi, a ɗaure a leda da hotonsa a jiki. Ita kuwa hajiyar Kano ta fara neman wata sana'a. Kafin a wanke kwanuka ya riga ya sanar a zauren ɗalibai na waya cewa nan da kwana goma wahalar daddawa ta ƙare a nahiyar nan.

Washegari ya sayo kilo biyar. Ya shiga banɗaki ya tura wa Gwaggo Ladidi, yayar babansa da ke Ringim, saƙo a ɓoye, yana tambayar yadda ake yi. Da amsa ta zo sai ya danna a tsakiyar falo, ya manta bai jona abin kunne ba. Muryar tsohuwa ta cika ɗakin: "Jazuli, kai ne da daddawa? Kai da in mun zo buɗe ta sai ka toshe hanci ka gudu gidan su Sale, sai magariba a nemo ka?" Ya yi sauri ya kashe, ya ce Gwaggo akwai wasa, kuma tsufa ya fara taɓa ta. Sauran bayanin a banɗaki ya ƙarasa ji. A dafa wake, a murje ɓawo, a wanke, a sake dafawa har ya yi laushi, a barbaɗa toka, a rufe a wuri mai ɗumi kwana uku, kada a buɗe.

Dahuwar farko ta cinye gas ɗin da suke sa ran zai kai su ƙarshen wata, sai da ya leƙa taga ya tsayar da mai ƙwanƙwasa tukwanen gas a titi. Da ya zo wanke ɓawo, Tukur ya ce masa ya tsame ya zuba a shara. Jazuli ya ce mutanen da suka gina dalar Masar ba za su kasa yin bututun da zai haɗiye ɓawon wake ba. Ya tuntsure daro guda a wurin wanke-wanke. Bututu ya yi wani irin gyatsa, ya yi shiru.

Ba a yi rabin awa ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ustaz Ramsis ne na hawa na uku, tsohon malamin lissafi mai ritaya, silifas ɗinsa sharkaf, yana riƙe da matsami cike da ɓawon wake.

"Ɗana, shekara talatin na yi ina koyar da lissafi, ban taɓa cin karo da lissafin da zan buɗe famfo a kicin ɗina wake ya taso min daga ƙasa ba."

Jazuli ya miƙe tsaye ya shiga bayani da Larabcinsa na littafi, irin na masu huɗuba, a kan nauyin ruwa da faɗin bututu. Yana cikin bayanin ne dahuwa ta biyu ta kama a kan wuta, ƙauri ya cika bene. Sai ga Hajja Ni'imat ta hawo tana haki, hannu ɗaya a gwiwa. Saura kwana kaɗan bikin 'yarta Gihan, ba ta da lokacin dogon zance. Ta dubi ruwa, ta dubi hayaƙi, ta dubi Jazuli, ta ɗaga yatsa guda ta ce wannan ɗaya ke nan. Da aka kankare wanda ya ƙone, rabin waken ne ya rage.

Toka ya samo a gidan shayin bakin layi, ta gawayin shisha, har da ɗan ƙamshin tuffa. Ya barbaɗa, ya tura daro ƙarƙashin gado, ya lulluɓe da bargonsa. Sai dai Gwaggo Ladidi a Ringim take yin tata, inda ɗakin daddawa ke gumi da kansa. Nan kuwa tsakiyar sanyin Janairu ne, lokacin da ko bango in ka taɓa sai ka janye hannu. Jazuli ya ƙara bargon Lurwanu, ya ƙara na Tukur, suka koma karatun jarrabawa cikin riguna uku-uku. Kuma duk da an ce kada a buɗe, ba ya iya awa guda bai janyo daron ya leƙa ba. Kwana biyu wake yana nan yadda aka zuba shi, sanyi ƙalau, ko alamar yauƙi babu.

A rana ta uku ya ce ilimi zai yi amfani da shi. Ya aro hita, ya aro rishon lantarki, ya haɗa da dutsen guga, ya jona su duka a soket ɗaya, ya jera su kewaye da daro. Ranar kuwa ake wasan ƙarshe na kofin ƙwallon ƙafa, gidan kaf kowa yana gaban talabijin tun bayan la'asar. An ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida a minti na ƙarshe, ɗan wasa ya ja da baya ya taho a guje, sai soket ɗin Jazuli ya yi tartsatsi, wutar ginin duka ta ɗauke. Daga sauran gidajen unguwa aka ji ihu ya tashi. Mutanen wannan gida dai, hawa shida, ba wanda ya san ko na murna ne ko na baƙin ciki.

Wannan karon ba Ustaz Ramsis kaɗai ya hawo ba. Maza cike da matakala, kowa da abin da yake faɗi game da iyayen mai hita. Bargon Tukur ya yi tabon dutsen guga a tsakiya, waken sama ya bushe ya zama tsakuwa. Hajja Ni'imat ta ratso ta cikinsu ta ɗaga yatsu biyu. Jazuli ya ce ai ita uwa ce, kuma ya san ba za ta saɓa wasiyyar marigayi ba.

"Wasiyyarsa cewa ta yi ɗalibai," in ji ta. "Ba ta ce ku ba. Na uku, wallahi kayanku a titi."

Da aka watse, Tukur ya rufe ƙofa ya jingina da ita. Ya ce wa Jazuli saura takarda huɗu a jarrabawa, kuma in suka rasa wannan sashe a cikin sanyin nan, sai dai su kwana a ƙarƙashin kakanninsa. Lurwanu ma ya yi magana, abin da ya nuna lamarin ya kai. Ya ce shi ya haƙura, ful ma abinci ne. Suka sa Jazuli ya yi alkawari zai fitar da waken daga sashen gobe da safe. Ya yi alkawarin, ya kuma cika shi, don da gari ya waye ya juye sauran waken a babbar langa, ya rufe, ya ɗaure da tsumma, ya fita da ita. Ba wanda ya leƙa ya ga ko sama ya yi ko ƙasa.

A saman bene akwai wani ɗan ɗaki mai rufin kwano, wanda rana ke duka tun hantsi. Makon da ya wuce mai ɗinkin katifa ya kwana uku a wurin yana shiɓar auduga, mata suna guɗa, ya ɗinka wa Gihan katifu da matasai da bargunan auduga masu kauri guda shida, kowanne da rigar satin. Jazuli yana cikin waɗanda suka jera su a ɗakin, ya kuma ga inda ake rataye mabuɗi a bayan tankin ruwa. Ya cusa hannu tsakanin bargunan, ya ji ɗumi kamar cikin kwandon da kaza ta tashi. Ya zaɓi mafi kyau, mai ruwan hoda da ɗinkin furanni, ya tura langa cikin ninkinsa, ya danne da sauran. A ransa ba ya ganin ya yi laifi. Ɗumi kawai ya ara, kuma ɗumi ba ya ƙarewa. Ranar Litinin ce. Kayan ɗaki sai Alhamis bayan la'asar za a kai gidan ango, shi kuwa Alhamis da sassafe zai zo ya ɗauke abarsa.

Audugar amarya ta yi abin da hita ta kasa. Ranar Laraba da hantsi wari ya fara saukowa ta ramin shan iska na tsakiyar gini, inda tagogin kicin ɗin kowa ke buɗewa. Matan hawa na biyar suka ce magudana ce. Na hawa na biyu suka ce wani ya manta da nama ya yi tafiya. Aka kira mai gadi, Am Gabir, wanda mura ta toshe wa hanci tun shigowar sanyi, ya shaƙa iya ƙarfinsa ya ce shi dai lafiya lau yake ji. Ustaz Ramsis ya fito da hanci a cikin hankici yana tambaya ko kowa ya ga maƙwabcinsa da rai yau.

Da Jazuli ya yi shiru, da wataƙila ya tsira. Amma ina. Ya shiga gaban masu bincike, ya ce kakansa maharbi ne, shi daga wari yake gane dabba. Wannan mushen ɓera ne, babba, namiji, kuma a ƙasan bene yake, kada kowa ya wahalar da kansa ya hau sama. Ya ƙara da cewa ɓerayen sanyi haka suke, auduga suke nema su yi sheƙa, in suka samu har haihuwa suke yi a ciki. Hajja Ni'imat da ke tsaye ta dafe ƙirji. Nan take ta aiki Am Gabir ya sayo ƙaton kwaɗo ya garƙame ɗakin kayan amarya, ta karɓi mabuɗin ta zura a igiyar wuyanta.

Da yamma suna dawowa daga masallaci, Lurwanu ya tsaya cak a matakala. Ya lumshe ido, ya ja numfashi a hankali, fuskarsa ta saki yadda ba su taɓa gani ba tun zuwansa. Ya ce yana jin ƙamshin tsakar gidansu. Tukur ya juyo a hankali ya kama wuyan rigar Jazuli.

"Ina ka kai waken?"

"Na ce zan fitar daga sashen, na fitar."

"Sama ko ƙasa?"

Jazuli ya dubi silin. Tukur ya sake shi ya zauna a kan matakala, ya ce Lurwanu ya fara haɗa littattafansa tun yanzu, su ne masu nauyi.

Alhamis da safe Jazuli ya hau ya tarar da kwaɗo yana ƙyalli. Ya gwada mabuɗin akwatinsa, ya gwada ƙusa, ya gwada wutsiyar cokali, ya tuna ashe bai taɓa yin kaka maƙeri ba. Ya tafi jarrabawa ya rubuta abin da shi kansa bai sani ba. Da ya dawo bayan la'asar, layin ya cika. Motocin a-kori-kura uku a jere, masu ganga suna kaɗawa, firij da tukwane da madubi duk an ɗaure musu jan ƙyalle. A kan kujera a bakin ƙofa uwar ango ce zaune, Hajja Ihsan, cikin baƙar riga ta karammiski. Tun ranar baiko take neman aibu a gidan nan ba ta samu ba, kuma duk abin da aka sauko da shi sai ya bi ta gabanta ta shafa ta ɗaga gira.

Ya haura da gudu. A sama an buɗe ɗakin, mata sun ja da baya suna fifita da mayafi. Hajja Ni'imat ta ce ɓeran da ɗalibin nan ya faɗa ne ya mutu a wani lungu, ba lokacin nema, a fesa turare a sauke kaya kafin waccan matar ta hawo da kanta. Jazuli ya kutsa ya ce a bar masa masu nauyi, kakansa ɗan dako ne a kasuwar Kano. Ya zaro bargon ruwan hoda da langa a cikinsa, ya aza a ka, ya dafe da hannu biyu. Dabararsa mai sauƙi ce. In ya zo hawa na huɗu zai faɗa sashensu, ya zare langa, ya fito.

Abin da bai lissafa ba shi ne matakala cike take da mata masu guɗa, hagu da dama, ga Hajja Ni'imat a bayansa da kaskon turare tana tura shi da gwiwar hannu. Ya zo ƙofarsu ya rage tafiya, ya ce zai sha ruwa. Ta ce ya sha a ƙasa. Ya ƙifta wa Tukur da ke tsaye a bakin ƙofa, Tukur ya ɗaga masa hannu irin na bankwana. Hawa na uku ya wuce, na biyu ya wuce. Duk inda ya gifta guɗa sai ta sarƙe ta koma tari. Ga wani ruwa mai ɗumi ya fara bin bayan kunnensa.

Da ya fito titi sai ya nufi mota ta ƙarshe, da niyyar ya ajiye ya zare abarsa ta bayan taya. Hajja Ihsan ta ɗaga hannu. Ta ce wannan ne mafi kyau, shi za a shimfiɗa a saman motar gaba unguwa ta gani, a warware shi ta duba ɗinkin. 'Yan mata biyu suka kama gefe. Jazuli ya riƙe gam. Ya ce sabuwar auduga ba a buɗe ta a iskar la'asar, dunƙulewa take yi, kakansa maɗinkin katifa ne.

"Wane ne wannan?" in ji Hajja Ihsan.

"Ɗan haya ne," in ji Hajja Ni'imat. "Sake bargon, ɗana."

"Hajja, don Allah a bar shi a naɗe. Ya fi kwarjini."

'Yan matan suka ja, ya ja, wata ta uku ta kawo musu gudummawa. Bargo ya warware gaba ɗaya a iska. Langa ta yi sama, tsumma ya kwance, murfi ya kama hanyarsa yana gangarawa tsakiyar titi. Waken kuwa ya nuna iya nuna. Ya yi baƙi-baƙi, ya yi yauƙi har yana jan zare, ya watsu a kan satin, a kan fatar ganga, a kan karammiskin uwar ango tun daga kafaɗa har cinya. Ganga ta tsaya. Murfin ya gama juyawa ya kwanta. Sannan warin ya iso, wanda har Am Gabir sai da ya ce lalle yau ya ji wani abu.

Hajja Ihsan ta ɗago zare ɗaya da yatsu biyu tana kallon yadda yake miƙewa.

"Ni'imat, wannan ma cikin kayan ɗakin yake, ko tukwici ne?"

Hajja Ni'imat ta juya mata baya. Jazuli take kallo.

"Ɓeran naka ke nan? Babba, namiji?"

"Abinci ne, Hajja. Ba lalacewa ya yi ba. To, ruɓewa ya yi, amma da gangan." Ya ga fuskoki ba su sauya ba, sai ya ƙara da abin da bai kamata ba. "Ai ku ma kuna cin fasikh. Kifin da ake binnewa a gishiri har ya kumbura, ku ɗauka ku tafi lambu da shi kuna murna."

"Muna ci, ɗana," in ji Ustaz Ramsis daga cikin hankicinsa. "Amma ba ma shimfiɗa masa gadon amarya."

Silifas na farko daga sama ya zo, daga barandar da Gihan ke tsaye da lalle a hannu tana kuka. Na biyu na uwarta ne, kuma duk da ciwon gwiwa bai kuskure ba. Jazuli ya juya zai gudu, ya taka daddawarsa, ƙafafu suka yi gaba suka bar shi, ya zauna daɓas a tsakiyarta. Hajja Ihsan ta fashe da dariya har tana dafe kujera, tana cewa wannan labari ko a kan gadon mutuwa sai ta ba jikokinta. Wannan dariya ta fi wa Hajja Ni'imat ciwo a kan a ce an fasa auren. Ta tako da ƙafa ɗaya ba takalmi, ta tsaya a kan Jazuli, ta ɗaga yatsu uku. Ba ta ce komai ba sai "Asabar."

A cikin wannan hargitsi ba wanda ya lura da Lurwanu, wanda ya durƙusa a gefen mota yana kankare abin da ya rage a gindin langa yana zubawa a ledar burodi.

Aure dai an ɗaura, an kai amarya da barguna biyar. Hoton Jazuli zaune a cikin wake ya zagaye zauren ɗalibai kafin magariba, a ƙarƙashin sanarwarsa ta kwana goma. Ranar Asabar suna saukowa da akwatuna suka yi kiciɓis da masu yi musu gaisuwar fara'a suna hawowa da nasu, suna yi musu jaje da dukan zuciyarsu. Abin da suka samu a tsakiyar jarrabawa ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layin bas, ba kicin, ba murhu. Mai ɗakin ma ya ga hoton, don haka sharaɗinsa na farko shi ne ko ashana kada ya ji an ƙyasta.

Kwana biyu Jazuli bai ce uffan ba, abin da ba a taɓa gani ba. Kunya ce ta kama shi ta gaske. In ya ga Tukur yana karatu a tsugune da bargo mai tabon dutsen guga, ko Lurwanu yana tashi tun asuba don ya kama bas biyu, sai ya kawar da kai. Da ma don Lurwanu ya ci ya ƙoshi ya fara abin, ga shi ya raba shi da murhun ma.

A rana ta uku da magariba suka zauna gaban ful da burodi. Lurwanu ya jawo wani gwangwanin madara daga ƙarƙashin katifarsa ya buɗe. Ashe ya mulmula abin da ya kankaro, ya shanya a bakin taga, ya fito ƙwaya uku, baƙaƙe, 'yan fale-fale. Daga kilo biyar abin da ya tsira ke nan, kuma babu tukunyar da za a jefa su. Ya kai gwangwanin hancinsa, ya lumshe ido, ya ja numfashi mai tsawo, sannan ya yi sauri ya kai lomar ful. Ya miƙa wa Tukur. Tukur ya harare shi, ya karɓa, ya shaƙa, ya daɗe bai sauke ba.

Jazuli yana kallonsu ta gefen ido. Can ya yi gyaran murya, a hankali.

"Ku dai ku ji tsoron Allah ku faɗi gaskiya. Ta yi ko ba ta yi ba?"

Tukur ya dubi ɗakin bango zuwa bango, ya dubi kwanon ful, ya sake kai gwangwanin hancinsa.

"Ta yi," in ji shi. "Kai dai miƙo burodi, kuma in ka ambaci kakarka sai na fasa maka kai."

Suka ci gaba da cin ful, gwangwani yana zagayawa a tsakaninsu. A ranar Lurwanu ya suɗe kwano.